Daraktar da Ba Ta da Kamfani

Har yau ban iya mantawa da safiyar da Madan Rakiya ta shigo burona a Birnin Ƙonni ba, takardar kira a hannu ɗaya, jakar kayan sayarwa a ɗayan. A lokacin ina insifekta a buron lanho, wato ofishin haraji, kuma ni ke sauraron ƙorafin 'yan kasuwa. Ina ba da labarin ne saboda ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, da kuma mutanen waje, waɗanda ke zaton zama muke yi muna ƙirƙiro wa jama'a wahala.

Sai na fara da yadda aikin yake tafiya. A farkon kowace shekara buro yakan fitar da ma'aikata su bi gari layi-layi, su rubuta duk mai sana'a: sunansa, abin da yake sayarwa, da abin da ke rubuce a allon ƙofarsa. Wannan ita ce ƙidaya. Daga nan ake raba mutane gida biyu. Ƙaramin ɗan kasuwa yana biyan patanti, wato ƙaramin harajin sana'a, sau ɗaya a shekara gwargwadon sana'arsa, ba a neman littafin lissafi a wurinsa. Kamfani kuwa, ko reshen kamfani, ko wanda cinikinsa ya haura wani mizani da doka ta ajiye, yana shiga babban tsari: lambar haraji, littattafan lissafi, mai lissafi da zai riƙa duba su, da bayanin ciniki da za a riƙa kawowa buro a kan kari. Wanda ya isa wannan tsari yana ɗaukarsa ba tare da ya ji nauyi ba. Wanda bai isa ba, tsarin kansa yana iya rufe masa ƙofa tun kafin a zo maganar abin da zai biya.

A ƙidayar wannan shekarar, Lawali, kwantarola ne da ke ƙasa da ni da mataki ɗaya, ya ga wani koren allo a wani lungu bayan tasha. An rubuta da Faransanci sunan wani kamfanin Najeriya mai sayar da shayin magani da sabulu da man shafawa, ba zan faɗi sunansa ba. A ƙasan sunan an sa "Darakta ta Yanki", a ƙarƙashi kuma "Reshen Ƙonni". Ƙofar tana rufe. Lawali ya kwafi abin da ya gani. Da ya tambaya wurin duwan, ma'aikatan kan iyaka, aka tabbatar masa kwalaye na shigowa a kai a kai da sunan mai ɗakin, Madan Rakiya. Ya sa ta a babban tsari. Na duba aikinsa daga baya, ban sami kuskure ko ɗaya ba. Da ni ne, abin da zan rubuta ke nan.

Mace ce da ta haura arba'in, ta taɓa koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, da kwantiragi kafin ta gaji da jiran albashi ta bari. Ta zauna kafin in ce ta zauna, ta dube ni da kyau, ta kira ni Mushe, wato Malam da Faransanci.

"Mushe Lanho, ina kwana? Ni anka kira. Amma tsaya tukuna, kana da olsa."

Na ce mata ba wannan ya kawo ta ba.

"Ga ta nan ga fuskarka. Akwai shayin da ka maganinta, sati guda ka ji awa an sake maka ciki."

Na ce doka ta hana ni sayen kaya a hannun mai ƙorafi.

"To, ba saye ba, ɗanɗani."

"Shi ma an hana."

"Wagga doka taku ba ta son lahiyarku," in ji ta, ta mayar da kwalin shayin da ta ciro cikin jaka.

Na fara tambayoyin da aka koya mana. Wa ke biyanta albashi? Babu albashi, sai kamasho, wato ɗan kaso da kamfani ke ba ta a kan abin da ta saya da abin da matan da ta shigar suka saya. Kayan na wa ne? Nata ne da na matan, domin sai an biya kafin a ɗauko. Idan bai sayu ba fa? Yana nan wurin mai shi. Ina ake sayarwa? Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza, Illela.

"Wace Illela?" na tambaya. Mai karatu na nesa ya sani Illela biyu gare mu: ta Najeriya, da ke nan bakin iyaka, da tamu ta jihar Tawa.

"Duka biyu. Can nika ɗauko, nan nika kaiwa."

Ta bayyana mini yadda abin yake. Matan suna tara kuɗinsu su turo mata, ita ta tsallaka ta ɗauko kayan gaba ɗaya, ta biya duwan da sunanta, ta raba a ɗakinta, kowa ta aika mata nata a mota. Na tambaye ta maganar reshe da ke kan allo.

"Wannan mai fenti na. Ya rubuta sunan kamfani, ya rubuta muƙamina, wuri ya ragu ƙasa. Yac ce allo ba ya kyau da hili, bari shi cika. Ko dala bai ƙara min ba."

"Muƙamin fa?"

Ta ciro wani kati mai igiya daga jaka ta ajiye a kan tebur. "Wanga ba mai fenti ba na. Sakkwato anka ba ni shi, cikin zauren otal, gaban mutane. Har da kiɗi."

Na ce mata idan reshe ne, kamfanin ne ya kamata ya zo ya yi rajista ya ɗauki nauyin harajinsa, ba ita ba. Fuskarta ta washe. Ta ce ai wannan mai sauƙi ne, su ma suna cire haraji daga kamashonta kowane wata, bari ta kira Oga. Ta buga waya, ta sa a amsa-kuwwa ta ajiye tsakaninmu. Oga shi ne wanda ya shigar da ita harkar, yana Sakkwato. Ya gaishe ta da fara'a, yana kiranta Darakta, har sai da ta ce masa tana buron lanho kuma insifekta na ji.

"Ranka shi daɗe," in ji shi, muryar ta sauya, "kamfaninmu ba shi da reshe Nijar. Madam abokiyar hulɗa ta, mai zaman kanta. Kowa da harajin ƙasarshi."

Na tambaye shi abin da ake cirewa daga kamashonta. Ya ce wannan na gwamnatinsu ne, can yake tafiya. Na tambaye shi ma'anar Darakta.

"Ai wannan don ƙarin ƙwarin gwiwa na. Mataki na kawai. Unguwarmu kaɗai daraktoci sun yi yawa, mai wankin motata ma ya kusa."

Ya yi dariya, yana jiran in taya shi. Madan Rakiya ta miƙa hannu ta kashe wayar. Ta ɗauki katin ta mayar cikin jaka a hankali, ba ta dube ni ba. Na ce mata zan zo in ga wurin da idona kafin in rubuta komai.

Na je ranar Alhamis, kashegarin kasuwa. Ɗaki ɗaya ne da ta kama haya, da benci biyu, da kwalaye jere har kusa da rufi, kowanne an ɗaure shi da ƙyalle mai launi dabam, don ta gane na wa ne. Wasu kwalayen sun daɗe, rana ta cinye rubutunsu. Na wa ne waɗannan? Nata ne, in ji ta. Akwai watannin da sai ta ƙara saye da kuɗinta don kada matakinta ya faɗi. Duk wanda ya yi shekara biyu a aikinmu zai gane a kallo ɗaya cewa wannan ba reshen kamfani ba ne. Wurin rabon kaya ne na matan da suka haɗa kuɗin mota.

Na zauna a benci na shimfiɗa mata hanyar fita, kuma a raina ina ganin alheri nake kawo mata. Ta sauke allon. Ta rubuto wa buro cewa ita mai ƙaramar sana'a ce, kuma kayan da ke shigowa da sunanta ba nata ba ne ita kaɗai. Sai a mayar da ita patanti. Amma da sharaɗi: doka ba ta karɓar "na wasu ne" haka kawai. Sai ta faɗi su wane ne wasun, da abin da kowacce ta ɗauka. Mu kuma sai mu aika wa buron Malbaza na Malbaza, na Illela mu aika Illela, tunda kowacce mai zaman kanta ce, kuma ana neman mutum ne a inda yake sana'a. Kowacce za ta biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

"Takardar kira, ina aka kai musu ita?" ta tambaya.

Na ce inda aka san mutum.

"Malamar lakwal, ina anka san ta?"

Mu biyun mun san amsar. Garuruwanmu ba su da lambar gida. Mai kai takarda yana zuwa lakwal ne ya ba shugaban makaranta, ko ya je asibiti ya ba babban likita. Doka kuma ta hana ma'aikacin gwamnati yin kasuwanci. Kowa ya san ana yi, domin albashi ba ya kai ƙarshen wata, kuma kowa ya san ba a rubuta shi. Mafi yawan matan Madan Rakiya malamai ne da ungozomomi, sai matan ma'aikatan masana'antar siminti ta Malbaza.

Na koma buro na sami Shef, shugabanmu. Mutum ne mai adalci, ya kusa ritaya, kuma kowane ƙarshen wata ana kiransa daga Tawa a tambaye shi abin da ya shigo. Na roƙe shi mu mayar da ita patanti bisa abin da na gani da idona, ba tare da sunaye ba.

"Idonka ba ya shiga dosiye," in ji shi, yana nufin fayil ɗin matar. "Gobe masu bincike su zo daga Yamai, su ga kayan da duwan ta rubuta da sunanta, su ga patantin mai sayar da ƙosai. Me za ka ce musu? Kayan ina suka tafi? Ko ita ta sayar, ko wasu. In ita ce, babban tsari. In wasu ne, su wa?"

Na ce wanda ya kamata a nema shi ne kamfanin, shi ke cin ribar garuruwa huɗu ba ya biyan komai a nan.

"Gaskiya ne. Ka tsallaka ka kamo mini shi."

Ya ba ni izini in rubuta wa na sama in tambaya yadda za a yi da irin waɗannan kamfanoni. Na rubuta. Iyakar sanina, amsa ba ta zo ba. Ya kuma yarda a ba matar mako biyu ta yi tunani, wanda ya fi abin da ya zama dole a kansa.

A cikin makonnin nan na koma wa kundin dokar haraji kamar ɗalibi. Na karanta shari'a da tattalin arziki a jami'ar Yamai, kuma a can an koya mana bambancin ma'aikaci da wakili da ɗan kasuwa mai zaman kansa da layuka masu tsabta. Ma'aikaci yana da albashi da ubangida. Wakili yana sayar da kayan wani da sunan wani. Mai zaman kansa yana saye da kuɗinsa, ya sa farashinsa, ya ci ribarsa. Madan Rakiya tana saye da kuɗinta, amma ba ita ke sa farashi ba. Tana da ubangida, amma ba shi da ita. Tana ɗauke da sunan kamfani, kamfani bai ɗauki sunanta ba. An gina harkar ne ta yadda ranar yabo mutum yana cikin gida, ranar haraji yana waje, kuma an aza iyakar ƙasa a tsakani yadda hannunmu ba zai kai ba. Na nemi saɗarar da za ta ba ni hanya ta uku, ban samu ba. Abin da na iya samu shi ne wannan: idan wasu daga cikin matan suka yarda a ba da sunansu, za a cire kasonsu daga cinikin da aka ɗora mata, wataƙila ta sauko ƙasa da mizani. Na aika mata da wannan saƙo.

Ba zan mayar da ita waliyyiya ba. Ita ta shigar da matan nan, tana nuna musu hotunan motoci a waya, tana gaya musu wata a Kano ta gina bene da shayi. Tana cin kamasho a kan kowane kwalin da suka saya, ko ya sayu ko bai sayu ba, kuma na san wasunsu suna da nasu kwalayen da rana ta cinye a ƙarƙashin gado. Abin da aka yi mata shi ta yi wa wasu. Wannan ma yana cikin lissafin da nake yi idan na tuna da ita.

Ta dawo kafin wa'adin ya cika. Wannan karon ba ta zo da jakar kaya ba, kuma da ganinta ta sha hanya.

"Na tahi Malbaza, na tahi Illela, tamu," in ji ta. "Na tara su na hwaɗa musu komi."

"Me suka ce?"

"Matan siminti dariya sunka yi. Guda tac ce, ki ba shi sunana, mi za su ɗauka, tukunya? Su sun yarda."

Na ɗauki alƙalami. Ta ɗaga mini hannu.

"Kayansu bai kai komi ba, Mushe. Sabulu ɗaya-ɗaya suka ɗauka. Masu albashi su ka ɗaukar kaya da yawa, su ka da kuɗɗi ƙarshen wata. In ka cire matan siminti, ina nan inda nike."

Gaskiya ta faɗa, na riga na yi wannan lissafin a raina.

"Akwai wata malama can Illela," ta ci gaba. "Tare munka fara kwantiragi. Ni na gaji na bari, ita ta daure. Bana anka sa sunanta cikin masu samun matirikil." Matirikil ita ce lambar da ke mayar da malamin kwantiragi cikakken ma'aikacin gwamnati, mai fansho, akwai masu jiranta har furfura ta fito musu. "Da na hwaɗa mata, ba ta ce a'a ba. Tac ce, Darakta, yadda kinka gani. Sai ta kama shara, ɗakin kuwa an share shi."

Na ce mata a fahimtata patanti ba zai hana kowa matirikil ba. Buro biyu ne dabam, ba ma aika wa juna takardu a kan irin wannan.

"Kana iya rantse min?"

Na yi tunanin mai kai takarda, da shugaban makarantar da ban sani ba, da wanda ke biye da ita a jerin masu jira, wanda shi ma yana da iyali. Na ce ba zan iya ba.

"To, rubuta ni yadda yaronka ya rubuta."

Na ajiye alƙalamin na sake yi mata bayani daga farko, a hankali, domin aikina ne in tabbata ta fahimta. Na gaya mata za ta ɗauki mai lissafi. Za ta riƙa kawo bayani a kan kari, in ta makara akwai tara. Za a ɗora mata haraji a kan cinikin da ribarsa ba ta shiga hannunta ba. Kamashonta da naira yake zuwa, naira kuma kullum sauka take yi, mu kuwa sefa muke karɓa. Na ce mata a ganina ba za ta kai ƙarshen shekara ba. Na kuma ce mata, da kalmomin da suka fi ƙarfin abin da ya dace da buro, cewa ta ji da kunnenta abin da Oga ya ce game da wannan muƙami.

"Na ji shi. Mai wankin mota." Ta gyara mayafinta. "Shi ya san abin da ya ba ni. Ni kau na san abin da na amsa. Na tsaya gaban matan ga na ce ni ta Darakta, ku biyo ni, sunka tahwa min. Yanzu in koma in ce musu 'yar talla ta, kowa ta ji da kanta? Kai in anka ce maka Shef, sai ranar albashi kaɗai kake Shef?"

"Ni ba Shef ba ne."

"Shi ya sa kake da olsa."

Lawali, da ke teburin gefe yana yi kamar ba ya ji, ya fita waje da tari. Na cika takardun. Ta karanta kowane shafi da yatsa, irin karatun malamar lakwal, ta gyara mini harafi ɗaya a sunan mahaifinta, ta sa hannu. Shef ya yarda a raba mata biyan kashi-kashi, iyakar sauƙin da doka ta ba shi ikon yi.

Ta fi ƙarfin hasashena da kusan shekara guda. Tana zuwa da kanta ta kawo bayani, ba ta taɓa makara ba. Ta roƙi matan su ƙara wani abu a kan kowane kwali don a raba nauyin; wasu suka ƙara, wasu suka ga kayan ya yi tsada suka nemi wata hanya. Hanyar kuwa tana nan a buɗe: 'yan kabu-kabu masu tsallaka iyaka da babur suna kawo kwali ɗaya ko biyu a ƙarƙashin buhun albasa, ba sunan kowa. Oga ya haɗa matan da wani yaronsa a Illelar Najeriya, su tura kuɗi ta waya, kaya ya same su har gida. A hankali waɗanda ta rufa wa asiri suka daina bi ta hannunta. Ban ce sun ci amanarta ba. Albashinsu bai ƙaru ba, kuma yawancinsu ba su san abin da ta sa wa hannu ba.

Bayan girbi na shekara ta biyu ta zo ta ba da sanarwar daina sana'a. Ka'ida ita ce mu je mu tabbatar, don haka na tafi tare da ita. Ɗakin babu kowa, mai gida ya riga ya yi alkawarinsa ga wani tela. Na rubuta abin da na gani. A hanyar dawowa na tambaye ta labarin ƙawarta ta Illela. Ta ce matirikil ta fito, an yi walima, an aiko mata da goro. Na tambaye ta abin da za ta yi yanzu. Ta ce wata makarantar kuɗi na neman mai koyar da ƙananan aji. Ba ta yi ƙorafi ba, ba ta gode mini ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ta yi ko ɗaya ba.

Na sha juya wannan al'amari. Wani lokaci ina ganin girman kai ne ya kai ta, ta gwammace ta rasa sana'a da ta rasa sunan da aka tafa mata a zauren otal. Wani lokaci ina ganin ita kaɗai ce a duk harkar, daga Sakkwato har burona, ta ɗauki kalmar da ma'anarta. Na daina ƙoƙarin raba biyun. Ina kuma tambayar kaina ko da na ce mata "na rantse" da ya fi mata, domin mai yiwuwa ne babu abin da zai sami kowa. Amma ban sani ba a lokacin, ban kuma sani ba yanzu, kuma ba a ba ni wannan kujera don in rantse a kan abin da ban sani ba.

Ta fuskar aiki, ga abin da aka samu. Gwamnati ta karɓi harajin babban tsari daga mace ɗaya na ɗan lokaci. Yau shayin nan yana nan ana shan sa a Malbaza da Tsarnawa da Illela fiye da da, ba ya bi ta duwan, ba ya cikin ƙidayar kowa. Kamfanin yana can. Dosiyen kuwa an rufe shi babu gyara ko ɗaya. Da masu bincike suka zo daga Yamai, yana cikin waɗanda suka yaba.

Ku da za ku fita ƙidaya, za ku ci karo da irin waɗannan alluna, domin kamfanonin sun yawaita: manaja, jakada, darakta, a ƙofar ɗakin da bai fi shagon aski ba. Ku kwafi allon, aikinku ne. Amma idan ƙofar tana rufe, ku dawo ranar da take buɗe, ku zauna, ku tambayi kuɗin wa ke sayen kayan da sunan wa suke tsallako iyaka, ku gaya wa mai ɗakin abin da wannan ke jawowa tun dosiye bai tashi ba. Kafin a rubuta, mutum yana da zaɓi da yawa. Bayan an rubuta, biyu suke zama, kuma ba mu ke ɗaukar nauyin ko ɗaya ba.

Abin da na koya game da sana'armu ba mai daɗi ba ne. Muna cewa muna karɓar haraji daga mai samu. A zahiri muna karɓa ne daga wanda ake iya samu: mai ƙofa, mai suna, wanda aka kira ya amsa. Wanda ke bayan iyaka ya fi ƙarfinmu, wanda ke ƙarƙashin buhun albasa ba ma ganinsa. Saura wanda ya tako da ƙafarsa. Tun daga lokacin, duk wanda na aika wa takardar kira ya zo da kansa, nakan miƙe tsaye in gaishe shi kafin in buɗe dosiyensa. Ba ya rage masa komai a abin da zai biya. Shi ne dai abin da doka ta bari a hannuna.